Tsamin teku da zafi a ƙwayoyin halittar dabbobin ruwa masu ɓawo

Dabbobin ruwa masu ɓawo, irin su kawa da makankari da ƙaguwa, ba su da ikon daidaita zafin jikinsu, kuma ruwan da ke jikinsu ya kusa zama ɗaya da ruwan da suke zaune a ciki. Duk sauyin da ya sami teku yakan kai ga ƙwayoyin halittarsu cikin sa'o'i kaɗan. Sauyi biyu ne masana suka fi sa wa ido: ƙaruwar tsamin ruwa da ɗumamarsa.

Teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon dayoksaid da ɗan Adam ke fitarwa. Idan iskar ta narke a ruwa sai ta saki ƙwayoyin haidirojin, su kuma su kama sinadarin kabonet, wanda shi ne tubalin ginin ɓawo. Tun daga farkon zamanin masana'antu, ma'aunin pH na saman teku, wanda saukarsa ke nuna ƙaruwar tsami, ya sauka daga wajen 8.2 zuwa 8.1. A ido kamar ba komai ba ne, amma yadda ake lissafin ma'aunin, wannan ƙarin haidirojin ne na fiye da kashi 25 cikin ɗari.

Ginin ɓawo

Wata siririyar fata da ke lulluɓe da naman kawa ita ke gina ɓawo. Ƙwayoyin wannan fata suna tara kalsiyam da kabonet a ɗan tsakanin da ke raba ta da ɓawon, sannan su kwashe haidirojin da aikin ke bari, su fitar da shi waje. Fitarwar ba kyauta ba ce. Wasu furotin da ke bangon ƙwayar su ke aikin famfo, kuma sai sun ci ATP, wato makamashin da ƙwaya ke aiki da shi. Idan ruwan waje ya riga ya cika da haidirojin, aikin famfon sai ya koma kamar tura kaya hawan tudu.

Jariran kawa su suka fi shan wahalar abin. Cikin kwana biyu na farko sukan gina ɓawonsu da aragonait, nau'in kalsiyam kabonet da ya fi ɗan'uwansa kalsait saurin narkewa, kuma a lokacin ba su fara cin abinci ba, guzurin da ke cikin ƙwai kawai suke ci. In guzurin ya ƙare kafin ɓawo ya kammala, shi ke nan. Haka ta faru a shekarun 2007 da 2008 a wuraren ƙyanƙyasar kawa na jihar Oregon a Amurka, lokacin da ruwa mai tsami ya taso daga ƙarƙashin teku, jarirai suka yi ta mutuwa. Tun daga nan masu kiwo suka koma auna ruwa, suna zuba masa sodiyam kabonet kafin ya shiga tankuna.

Ƙaguwa ta fi su dabara, domin tana iya tara baikabonet a jininta ta rage kaifin tsamin. Kawa kuwa idan ta rufe bakinta ta daɗe, daga cikin ɓawonta take narkar da abin da za ta kashe tsamin jikinta da shi.

Zafi

Zafi na warware siffar furotin, kuma furotin da ya rasa siffarsa ba ya aiki. Martanin ƙwaya shi ne ta yawaita wasu furotin masu gyara, waɗanda aka fi sani da HSP70. Su ke riƙe wanda ya warware har ya sake naɗewa, wanda ya wuce gyara kuma a kai shi inda za a rushe shi. Wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, shi ne ya fara ganin alamar wannan martani a jikin ƙudan 'ya'yan itace a 1962. Da aka karanta kundin gadon kawar tekun Pasifik a 2012, an sami ƙwayoyin gado 88 na HSP70, alhali na mutum ba su kai ashirin ba. Ba abin mamaki ba ne ga dabbar da ruwa ke janyewa ya bar ta a rana kullum.

Zafi kuma na ƙara wa jiki buƙatar iskar oksijin, ga shi ruwa mai ɗumi bai riƙe ta da yawa. Wuraren sarrafa makamashi na cikin ƙwaya sai su fara yoyon wasu sinadarai masu ƙona kitse da furotin da DNA, dole ƙwayar ta ƙara samar da masu kashe su.

Idan suka haɗu

Famfo da furotin masu gyara duk daga rumbun makamashi ɗaya suke ci. Abin da aka kashe a kansu an rage shi ne daga girma da haihuwa da garkuwar jiki. A gwaje-gwaje da dama an ga ƙwayoyin jinin makankari sun rage haɗiye ƙwayoyin cuta a ruwa mai tsami, an kuma ga zaren da yake manne wa dutse da shi ya yi rauni. Sai dai sakamakon ba ɗaya ba ne a ko'ina: dabbar da ta sami wadataccen abinci takan jure tsamin da zai kayar da mai yunwa, kuma a wasu nau'o'in 'ya'yan iyayen da suka zauna a ruwa mai tsami sun fi juriya. A dabbobin da suka riga suka girma, zafi ya fi tsami saurin kisa. A ƙarshen watan Yunin 2021, tsananin zafi ya zo daidai da janyewar ruwa da tsakar rana a gaɓar British Columbia ta Kanada, makankari suka mutu a kan duwatsu, ɓawonsu a buɗe.