Mene ne bambancin kwamfireshon a injin da aka yi wa gyare-gyare?

Kwamfireshon shi ne matsin da fistan ke yi wa iska da fetur a cikin silinda kafin fulogi ya ba da wuta. Fistan ya hau sama, bawul biyu a rufe, ringi ya toshe gefe, gasket ya toshe sama. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya saki, matsin ya zurare. Idan bakanike ya ce kwamfireshon bai daidaita ba, yana nufin wata silinda ba ta riƙe iska kamar 'yan'uwanta. Mota sai ta riƙa karkarwa a tsaye, tana shan mai, ga rashin ƙarfi a hawa.

Awon ba wuya. A ɗumama injin, a cire fulogai duka, a katse fetur da wuta, a take totur har ƙasa, a ɗaura agogon awo a ramin fulogi, a juya injin da makulli har allura ta daina hawa. Injin fetur mai lafiya yakan ba da tsakanin 125 zuwa 180 a psi, wato ma'aunin ƙarfin matsi, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada tazarar mafi girma da mafi ƙanƙanta ta wuce kashi 10 cikin ɗari. Batir mai rauni yana ɓata awon, domin silindar ƙarshe za ta samu juyi a sanyaye.

To amma injin da aka taɓa, lissafinsa daban ne, kuma a nan ake yawan yi wa masu mota asara. Wanda ya sa kamshaf na tsere (kamshaf shi ne sandar da ke sarrafa buɗewa da rufewar bawul), bawul ɗin shigar iska yana jinkirin rufewa, sai wani kaso na iskar ya koma baya yayin da ake juya injin a hankali. Agogo zai nuna ƙasa da abin da kamfani ya rubuta, alhali lafiyar injin ƙalau. Haka wanda ya ɗora tobo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, ya sa fistan masu rage matsi, a ce daga matse iska ninki 10 zuwa ninki 8.5. Wanda kuma aka kankare wa kan silinda bayan injin ya yi zafi, nasa awon hawa zai yi. Ko tudun gari yana shiga ciki: injin da aka auna a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, zai nuna ƙasa da abin da zai nuna a Legas. Duk waɗannan suna taɓa silindodin ne baki ɗaya. Saboda haka lambar littafin kamfani ta daina zama hujja, sai dai a gwada silinda da silinda. Injin da ya ba da 130 a duka huɗun ya fi mini wanda ya ba da 175, 172, 140, 174 kwanciyar hankali.

Yadda lambobin suka jeru yana nuna hanya. Biyu maƙwabta sun faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Ɗaya ta fi sauran, galibi baƙin dauɗar ƙuna ce ta taru a kan fistan. Ɗaya tak ta faɗi, sai a zuba mata ƙaramin cokali na baƙin mai a sake awo. In ta hau sosai, ringi ne ko bangon silinda, don man ya toshe kafar na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, a dubi bawul. Kada a yi wa injin dizal wannan, man na iya kamawa da wuta.

Gwajin da ya fi yanke shakka shi ne na hura iska. A tsayar da fistan a can ƙololuwa, bawul a rufe, a tura iska ta ramin fulogi, a kasa kunne. Fito ta salansa, bawul ɗin hayaƙi. Ta bakin totur, bawul ɗin shiga. Ta murfin baƙin mai, ringi. Kumfa a lagireto, gasket ko tsagewa.

A injin mai tobo, silinda ɗaya da ke zubar da iska ta murfin mai sau da yawa gefen fistan ne ya tsage saboda fetur na fashewa ba bisa lokaci ba. Masu Subaru mai injin EJ25 sun san wannan ciwo. In aka canza fistan ba a gyara saitin wuta da fetur ba, sabon ma zai bi sahun tsohon. Motocin da ake mayarwa gas na CNG (iskar gas da ake matsewa a tukunya) a Najeriya tun bayan cire tallafin fetur a 2023 su ma sun shiga sahun injin da aka taɓa: gas busasshe ne, a wasu injuna mazaunin bawul yana cinyewa, giɓin saitin bawul ya matse, bawul ya kasa zama daram. Irin wannan in an gano shi da wuri, saitin bawul kawai yake so, aikin 'yan sa'o'i, amma sai ka ji an ce wa mai mota a sauke injin a yi ringin tun ba a ɗaura agogo ba.