Aikin hannu da yara a gida: ga amsar tambayoyin da kuke ta maimaita min

Kusan kullum tambayoyin iri ɗaya ne, to bari in haɗa su wuri guda, dan Allah a karanta kafin a sake turowa.

Ba ni da kuɗin sayen kalar zane da kayan aiki, ya zan yi?

Ba wanda ya ce ki sayi komai 'yar uwa. Kwalin taliya, murfin kwalba, karan dawa, ƙyallen da tela ke zubarwa, tsohuwar kalanda, duk kayan aiki ne.

Daga shekara nawa ake farawa?

Da zarar ya iya riƙe cokali. Wajen shekara 1 da rabi ki ba shi kwali da kala ya yi ta jagwalgwalo.

Zai ɓata min ɗaki fa.

Zai ɓata. Ki shimfiɗa buhu a tsakar gida ki sa masa tsohuwar riga, shi ke nan.

Na zauna da shi amma abin da yake zanawa ba ya kama da komai, in gyara masa?

A'a. Wallahi wannan ita ce ke ci min rai, uwa ta ce za su yi aiki tare, minti biyar ba a yi ba ta fizge kara daga hannun yaro tana cewa kawo nan ba haka ake yi ba, ƙarshe ita ta haɗa motar shi yana zaune ya yi tagumi. To wa aka koya wa? In ya zana wani ƙulli ya ce akuya ce, ki tambaye shi ina ƙafafunta, me take ci, za ki ga bakinsa ya buɗe. In hannunki na ƙaiƙayi ki ɗau naki kwalin ki yi naki a gefe, zai leƙa ya kwaikwaya da kansa.

Ya ake haɗa gam da kala a gida?

Gam dai fulawa ce, ki dama a ruwa ki ɗora a wuta kina juyawa har ta yi kaurin koko, ki bar ta ta huce. Sitacin rogo ma yana yi, haka ƙaro in an jiƙa. Ki yi kaɗan don ba ya kwana biyu bai yi tsami ba. Kala kuma zoɓo ya ba ki ja, kurkum rawaya, gawayi baƙi. Ki ɗiga ruwan kanwa a cikin na kurkum a gabansu su ga ya juye ya koma ja, a na zoɓo kuma ki matsa lemon tsami ya ƙara haske, yara suna son wannan ba kaɗan ba.

Ina da ɗan shekara 2 mai sa komai a baki da yayarsa 'yar shekara 6 mai son almakashi da duwatsun ado, zan iya haɗa su?

To wannan kam ya danganta, ba zan ce miki eh kai tsaye ba. Ya danganta da yaron, da ko akwai wani babba a gidan, da kuma abin da za ku yi. In kala ce ta zoɓo da gam ɗin fulawa, haɗa su, ko ya lasa ba komai. Amma duwatsu, maɓalli, wake, fasasshen balan-balan, waɗannan ba a sa su gaban yaron da bai kai shekara 3 ba, shaƙewa ba ta ba da sanarwa, yaro ko kuka ba zai iya ba. Duk abin da zai iya wucewa ta cikin ramin kwalin da ake naɗe tishun bayi a kai ki ɗauka zai iya maƙale masa a wuya. Ni abin da na fi so shi ne a bar aikin duwatsun sai ƙaramin ya yi barcin rana, a kan faranti mai baki, in an gama a share wurin tas. In kuma ba ya barcin, to ki goya shi ko wani ya riƙe shi, in babu ki haƙura da duwatsun a wannan ranar, yayar ta yi yankan takarda da almakashi mara tsini kina kusa. Reza ko kusa.

Ƙullin wasa na fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, ruwa kofi 1 yana da kyau ga babbar, amma gishirin ya yi yawa ga mai ci, in da ƙaramin za a yi ki cire gishirin ki zubar bayan an gama. Laka ma ki san inda aka ɗebo ta, ban da ta bakin kwata, ban da ta wurin da ake haƙa ko niƙa dutsen zinare, ba mu manta da gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010 ba. Ragowar fentin gida da baƙin cikin batir da ake fasawa ba kalar yara ba ne. In kuwa ya haɗiye ƙaramin batirin agogo, asibiti nan take, kar a tsaya ba shi manja. Ba tsorata ki nake ba, iyaye da yawa suna haɗa su lafiya lau, kawai ki ajiye waya ido na kansu.

Wani magidanci ya ce ai wannan aikin uwa ne.

Haba Malam. Kai da ka tashi kana fere kara kana haɗa mota da tayar tsohon silifas, wa zai koya wa ɗanka in ba kai ba? Ranar Asabar da hantsi, rabin awa ya isa.

'Yar tsana da zanen dabba fa, ya halatta?

Fatawa ta malamai ce, ki tambayi naku. Abin da ya tabbata a Buhari da Muslim shi ne Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana, kuma Rubayyi'u bint Mu'awwiz ta ce suna haɗa wa yaransu abin wasa da ulu ranar Ashura don su mance da yunwa har a sha ruwa. In duk da haka ranki bai kwanta ba, ga gida ga mota ga bishiya ga zanen zayyana irin na bangon gidajen Kano da Zariya, ku yi su.