Jiragen fatauci da 'yan mishan: tambayoyi kan bazuwar Turawa daga ƙarni na 15 zuwa na 17

Me ya fitar da Turawa daga ƙasashensu zuwa cikin teku?

Fotugal ce ta buɗe hanya. Bayan ta ƙwace garin Sabta da ke arewacin Maroko a 1415, hankalin sarakunanta ya koma kan zinariyar da ayarin raƙuma ke tsallakowa da ita ta Sahara, suka ƙudurta isa tushenta ta ruwa. A 1482 suka gina ganuwar Elmina a gaɓar ƙasar Ghana ta yau, sannan a 1498 Vasco da Gama ya sauka Kalikut ta Indiya, inda ake cinikin masoro da kirfa da kanumfari.

Ina addini ya shigo cikin lamarin?

Tun farko addini da fatauci tare suka taso. A 1493 Paparoma Alexander na Shida ya ba Sifaniya izinin mallakar ƙasashen da ta tarar bisa sharaɗin yaɗa Kiristanci, kuma a 1494 yarjejeniyar Tordesiyas ta raba duniyar da ke wajen Turai tsakanin Sifaniya da Fotugal, ba tare da an tuntuɓi ko mutum ɗaya daga mazauna wuraren ba.

Shin mutanen da aka iske sun karɓi wannan hannu bibbiyu?

Labarin masarautar Kongo ne ya fi nuna yadda abin ya kasance. An yi wa sarkinta baftisma a 1491, ɗansa Afonso na Ɗaya kuwa ya rungumi addinin da zuciya ɗaya, ya gina majami'u, har ɗansa Henrique ya zama bishop. Duk da haka, a 1526 Afonso ya rubuta wa Sarkin Fotugal wasiƙu yana kuka cewa fatake na sace talakawansa da 'ya'yan fadawa, har da danginsa, ana sayar da su bayi, ƙasarsa kuma tana zama kufai. Abin baƙin ciki ne cewa koken wannan sarki, wanda ya ɗauki Turawan 'yan'uwa a addini, bai tsayar da cinikin ba.

To, a Asiya fa?

A can Turawa sun tarar da dauloli masu ƙarfi, dole suka sassauta. Matteo Ricci, ɗan ƙungiyar limaman Katolika ta Jesuit da aka kafa a 1540, ya koyi Sinanci, ya sa tufafin malaman ƙasar, ya shiga Beijing a 1601 ɗauke da agogo a matsayin kyautar sarki. Japan kuwa ta kori 'yan mishan a 1614, daga baya ta taƙaita cinikin Turawa ga 'yan Holan kaɗai, waɗanda aka killace a ɗan tsibirin Dejima tun daga 1641.

Me ya sa nahiyar Amurka ta fi ɗanɗana kuɗarta?

Cututtuka irin su agana da ƙyanda, waɗanda jikin mazauna yankin bai san su ba, sun hallaka jama'a masu yawa, waɗanda suka tsira kuma aka tilasta wa da yawansu aikin haƙar azurfa a tsaunin Potosi da ke ƙasar Bolibiya ta yau, wanda aka fara haƙa a 1545.