Aikin gyaran ƙafar baka don ciwon gwiwa

Aikin gyaran ƙafar baka, wanda likitoci ke kira ostiyotomi, tiyata ce da ake yanka ƙashin ƙwauri dab da gwiwa a sake masa zama, don a ɗauke nauyin jiki daga ɓangaren da guringuntsi ya cinye a mayar da shi ɓangaren da ke da lafiya. Ciwon shi ne amosanin gwiwa, wanda mutanenmu a Makka da Jidda ke ce ma khushuna kamar yadda Larabawa ke faɗa.

Sirrin aikin duk yana kan layi ɗaya ne. Ana ɗaukar hoton ƙafa gaba ɗayanta mutum na tsaye, a ja layi daga tsakiyar kan ƙashin cinya a ƙugu har tsakiyar idon sawu. In ƙafa miƙaƙƙiya ce layin zai ratsa kusa da tsakiyar gwiwa, in baka ce sai ya karkata ciki, to nan fa ɓangaren ciki ke shan nauyi, yana cinyewa bakan na ƙaruwa, bakan na ƙaruwa yana daɗa cinyewa.

Mark Coventry na asibitin Mayo a Amurka shi ya yaɗa aikin a 1965, lokacin yanko ɗan ƙashi ake yi ta waje a rufe gurbin. Yanzu an fi buɗe ƙashin ta ciki a ɗaure da farantin ƙarfe da kusoshi.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba, likita ba ƙafa miƙaƙƙiya sak yake nema ba, da gangan yake ɗan zarcewa zuwa gwame, kamar digiri 3 zuwa 6. Bisa binciken likitan Japan Fujisawa na 1979, an saba sa layin ya faɗi wajen kashi 62 cikin 100 na faɗin saman ƙashin ƙwauri in an auno daga ciki. In gyaran ya gaza, baka na dawowa tare da ciwonta, in kuma ya wuce kima ɓangaren waje ne zai fara cinyewa. 'Yan digiri kaɗan ne wallahi ke raba aikin da ya yi kyau da wanda ya lalace.

Ba kowa aikin ke karɓa ba. Ya fi dacewa da wanda bai wuce shekara 60 ba, mai zirga-zirga, wanda ciwon ya tsaya a ɓangaren ciki kawai. Ƙiba da shan taba na ɓata sakamako, taba ma tana hana ƙashi haɗewa da wuri.

Ni a ganina babbar fa'idarsa gare mu ita ce gwiwarka ce ta asali aka bar maka, don haka lanƙwasawa a sujada da zaman tahiya sun fi yiwuwa a kan wanda aka sa wa ta roba, duk wanda ya ga layin kujeru a Harami ya san abin da nake nufi. Sai dai akwai makonni na dogara sanda da watanni na motsa jiki, kuma da dama sukan yi shekara 10 ko fiye kafin a fara maganar canjin gwiwa.