Daga Shara Zuwa Ƙararrawar Tashi: Tambayoyin Iyayen Zangon Kumasi A Kan Makarantar Firamare

Iyaye da yawa a Aboabo, Asawase, Sawaba da Ayigya Zango sun san ƙofar makarantar 'ya'yansu, sun kuma san kuɗin kalacin da suke miƙawa kullum safe. Abin da ke gudana bayan an shiga ƙofar kuwa, sai abin da yaro ya ga damar faɗa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi a taron iyaye da malamai, da bakin masallaci bayan la'asar, da wurin suna idan hira ta juya kan yara.

Malam, darasi sai wajen takwas, amma yaro tun bakwai ba ta yi ba yake azalzalar mu zai makara. Me suke yi da sassafe haka?

Shara suke yi, Hajiya. A yawancin makarantun gwamnati babu mai shara na albashi, yara ne ke share aji da fili, su kwashe leda, su cika bokitin wanke hannu. An raba su ƙungiya ƙungiya, kowace da yankinta, akwai kuma babban ɗalibi mai duba wa ya yi, wa ya zille. Bayan haka a makarantu da dama akwai ɗan lokacin shiru, kowa ya zauna da littafinsa kafin a kaɗa ƙararrawa.

Sai asambile. A yi layi aji aji, a duba farce da gashi da tsabtar yunifom, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, a karanta alƙawarin biyayya ga Ghana hannu a ƙirji, hedimasta ya yi sanarwa, sannan a buga ganga su taka maci zuwa aji. Wasu iyaye na ganin wannan ɓata lokaci ne. Ni a wurina nan ne yaro ke koyon zuwa a kan kari, da jiran layinsa, da cewa dattin da ya zubar wani ne zai sunkuya ya ɗauka. Abu guda da nake ƙi: a bar 'yan mata da tsintsiya, maza suna can suna buga ƙwallo. Idan ɗanki ya ce shara ta mata ce, ki tambayi ticansa yadda aka raba aikin.

Waɗanne darussa ake yi yanzu? Littattafan ba su yi kama da na zamaninmu ba.

Gaskiya ne, an sauya. A watan Satumba na 2019 aka fara aiki da sabuwar manhaja da hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NaCCA, ta tsara, daga keji, wato ajin share fage kafin aji ɗaya, har aji shida. Ta zo da Turanci, lissafi, kimiyya, harshen gida, addini da tarbiyya, zane da kiɗa da wasan kwaikwayo, motsa jiki, da wani darasi mai suna Duniyarmu da Mutanenmu, wanda ke magana a kan iyali, muhalli da zaman jama'a. Tarihin Ghana ya dawo a matsayin darasi mai zaman kansa. Kwamfuta da Faransanci suna shigowa a manyan azuzuwa, inda akwai kayan aiki da mai koyarwa, domin ba kowace makaranta ke da su ba.

Darasin tarihi ya fi sauƙi ga ɗan Kumasi, tunda abin yana ƙofar gidansa. Gidan tarihi na Manhyia, fadar Sarkin Asante, na nan, labarin Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci yaƙin 1900 da Turawan Ingila, na nan, ga macin 6 ga Maris da ake yi duk shekara don tuna samun 'yancin kai na 1957. Abin da littafin ba zai tsaya a kansa sosai ba shi ne yadda fatake suka riƙa zuwa Salaga sayen goro, da yadda zanguna suka kafu. Wannan aikin kaka ne, kuma yara na son ji.

Na leƙa ajin 'yata na ga an zaunar da su a zagaye, kowa na magana, tica na yawo a tsakani. Wannan karatu ne?

Karatu ne, in an yi shi yadda ya kamata. Manhajar 2019 ta so a rage tsarin da malami zai rubuta a allo, yara su kwafa, su haddace, su maido masa. Ana so yaro ya taɓa abu da hannunsa, ya gwada, ya bayyana yadda ya kai ga amsa. Shi ya sa za ka ga an ce su zo da murafun kwalba ko tsinken tsintsiya. Tsinke goma a ɗaure da roba ya zama goma ɗaya, sai yaro ya ga da idonsa abin da ake nufi da aro a lissafin ɗebewa. Wani tican zai kafa ƙaramar kasuwa a aji, gwangwanin madara da kwalin ashana da kuɗin takarda, wannan ya saya, wannan ya ba da canji. Ɗan da ke taya uwarsa tsaron tebur a kasuwar Kejetia ranar Asabar sau da yawa shi ke gaba a irin wannan, ko da a rubutu yana baya. A kimiyya kuma su shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a duhu, su riƙa dubawa.

Cikin ƙungiyar ne ake gwada halaye da manhajar ta lissafa: girmama juna, gaskiya, adalci, haɗa hannu a aiki. Wa ya bar ɗan'uwansa ya gama magana? Wa ya karɓe fensir da ƙarfi? Wa ya ce shi ya yi alhali kwafa ya yi?

Sai dai a faɗi gaskiya. Ajin da ya cika maƙil, benci ɗaya mutum uku, tica ɗaya, aikin ƙungiya na iya komawa hayaniya, masu ƙoƙari biyu su yi, sauran su yi kallo. Gwajin mai sauƙi ne: ka tambayi 'yarka me ƙungiyarsu ta yi yau, kuma ita wane ɓangare ta yi.

A gida Hausa muke yi, a makaranta kuma Twi da Turanci. Ba za a rikita yaron ba? Ko mu koma yi masa Turanci a gida?

Manufar ƙasa ita ce a koyar da yara da harshen gida tun daga keji har aji uku, Turanci yana darasi, daga aji huɗu kuma Turanci ya zama harshen koyarwa. Harsunan da gwamnati ta amince a koyar da su sun haɗa da Asante Twi, Akuapem Twi, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Dagaare, Gonja da Kasem. Babu Hausa a ciki, duk da yawan masu jin ta daga Bawku a arewa har unguwar Nima a Accra. To a Kumasi harshen gida na makaranta Asante Twi ne.

Yaran zango da yawa sun riga sun iya Twi daga titi da kasuwa, waɗannan ba su da wata wahala. Amma akwai wanda ya tashi a tsakiyar Aboabo, gida Hausa, maƙwabta Hausa, mai koko Hausa, har ya shiga keji bai haɗa jimla ɗaya da Twi ba. Irin wannan yaron yakan yi shiru a aji, sai a ɗauka ba shi da kai, alhali harsuna biyu baƙi aka haɗa masa lokaci guda. Tican da ke jin Hausa yakan saki kalma biyu ya warware masa. Wanda ba ya ji, ya kamata a gaya masa tun makon farko, ya zaunar da yaron kusa da wanda ke jin duka biyun.

Batun komawa Turanci a gida kuwa, ban ba da shawararsa ba. Yaron da ya iya ba da labari daga farko zuwa ƙarshe da Hausa, ya iya tambaya, ya iya musu da hujja, zai kwashe wannan iyawa zuwa kowane harshe. Gara cikakkiyar Hausa da guntun Turancin da bai wuce zo, tafi, zauna ba. Ku yi masa tatsuniya da kacici-kacici. Ranar da tica ya kawo labarin Ananse, zai gane tsohon saninsa Gizo ne, da wayonsa da kwaɗayinsa. Idan kuma har yanzu akwai makarantar da ke cin yara tara don sun yi harshensu a filin wasa, a ɗaga maganar a taron iyaye.

Darasin addini fa? Na ga sunan Yesu da na bokaye a littafin ɗana.

Darasin addini da tarbiyya yana gabatar da addinai uku da ake bi a ƙasar: Kiristanci, Musulunci da na gargajiya. Ana koya wa yaro ya san abin da maƙwabcinsa ya yi imani da shi, ba a ce ya bi ba. Ɗan Kirista ma yana karanta shika-shikan Musulunci da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma zai amsa tambaya a kansu a jarrabawa. A gari irin namu, inda mai gidan haya ɗan coci ne, ɗan haya Alhaji, wannan sani na da amfani. Ko Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya halarci cocin Katolika a Accra a 2019, lokacin cikarsa shekara 100, don nuna zaman lafiya.

Wanda ke son Larabci da karatun addini a cikin jadawali, akwai makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi ta ƙasa, GES, wanda aka kafa a 1987. Manhajar gwamnati suke bi, da ƙarin Larabci. Idan kuma makarantar mishan ka kai ɗanka, ka tambayi yadda suke ibadar safe da batun hijabi kafin ka yi rajista, ba bayan an ɗinka yunifom ba.

Ya tashi boko wajen biyu, ya wuce makarantar allo, ya dawo magariba a gajiye. Yaushe zai yi aikin gida?

Ya ci abinci ya ɗan kwanta kafin allo, aikin gida kuma bayan magariba, minti talatin ya ishi ɗan ƙaramin aji. Idan aikin ya fi haka kullum, a yi wa tica magana. Malamin allo ma a gaya masa makon jarrabawa.

An ce an hana bulala. Icce ai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta yaya za su ji magana?

Hukumar GES ta hana duka a makarantu a 2017, ta kuma fitar da jagorar horo ba tare da duka ba a 2019. Horo bai tashi ba, salonsa aka sauya. A farkon zangon karatu aji kan zauna ya tsara dokokinsa a manna a bango. Wanda ya karya, a fara da gargaɗi, a sauya masa wurin zama, a hana shi wani abin da yake so, ya gyara abin da ya ɓata, ya ba da haƙuri a gaban wanda ya zalunta, in abin ya ci gaba a kira iyaye.

Na san malamai da ke cewa an ɗaure musu hannu, kuma ajin mutum da yawa ba wasa ba ne. Amma yaron da ake duka don ya faɗi amsa ba daidai ba, abin da yake koya shi ne kada ya ƙara ɗaga hannu. Kuma Baba, in an kira ka makaranta ka je. Horon nan ba ya aiki idan takardar kira tana ƙarewa a ƙasan jaka.

Lokacin hutu fa, me suke ci?

Shirin ciyar da yara na gwamnati ya fara a 2005, abinci mai zafi sau ɗaya a rana, amma ba kowace makaranta ke ciki ba, kuma idan an yi jinkirin biyan masu dafawa tukunya kan tsaya. Kada yaro ya fita da ciki wayam da sunan za a ba shi a can. Koko da ƙosai da safe, ko ɗan kuɗin wake da shinkafa. A bakin aji za ka ga bokiti mai famfo da sabulu, wanda wata masaniyar kimiyya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro, kuma ya yaɗu sosai bayan rufe makarantu na korona a 2020. Sauran hutun na wasa ne: 'yan mata na tsalle da tafin ampe, maza na bin ƙwallon da aka naɗa da safa.

Ni ban yi boko ba. Ta yaya zan san ko yana koyo?

Ba sai kin iya karatu ba, Iya. Buɗe littafin aikinsa ki duba ko akwai jan biron tica a shafukan wannan makon. Littafin da ya yi sati biyu ba a duba ba, akwai magana. Sa shi ya karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi, sannan ya faɗa miki da Hausa abin da ya karanta. Wanda ya haddace kawai a nan yake tsayawa. Aike shi da sidi ashirin ya sayo abu biyu, ya faɗi canji kafin ya fita.

Aikin aji da na gida suna shiga sakamakon ƙarshen zangon karatu tare da jarrabawa, don haka fashin ranar Juma'a ko ranar biki yana rage maki. Tun 2021 kuma gwamnati ta fara gwajin ƙasa baki ɗaya ga 'yan aji huɗu a Turanci da lissafi, don a gano masu rauni tun kafin su kai ƙaramar sakandare, JHS, da jarrabawar kammala ta, BECE. Idan aka ba da katin sakamako, kada ki tsaya a kan na nawa ya zo. A ƙasa akwai wurin da tica ke rubuta halinsa, da abin da yake sha'awa, da kwana nawa ya zo makaranta. Ki sa a karanta miki wannan, in bai yi miki ba ki je ki same shi bayan an tashi.