Yawon Mashigan Tekun Nowe da Birnin Bergen a Motar Kwana

Motar kwana mota ce da aka shirya cikinta da gado da wurin girki da tankin ruwa, wani lokaci har da banɗaki, domin matafiyi ya kwana a duk inda dare ya riske shi. Yammacin ƙasar Nowe na daga cikin yankunan Turai da aka fi zagayawa da irin wannan mota, musamman daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba.

Abin da ke jawo baƙi shi ne mashigan teku da ake kira fiyod, wato kwaruruka masu zurfi da manyan tudun ƙanƙara masu motsi suka sassaƙa tun zamanin da, daga baya ruwan teku ya cika su. Mafi tsawo a ƙasar shi ne Sognefjord, wanda ya kutsa cikin tudu kimanin kilomita 205, zurfinsa kuma ya haura mita 1,300. A shekarar 2005 hukumar UNESCO ta sanya Geirangerfjord da Nærøyfjord cikin wuraren tarihi na duniya. Na biyun yana ƙuntata har faɗinsa ya koma mita 250 kacal.

Yanayin ƙasar ne ke tsara tafiyar, ba son ran direba ba. Iyakar gudu a yawancin hanyoyin karkara kilomita 80 ce a awa, amma da wuya babbar mota ta kai haka, domin hanyoyi da dama matsattsu ne, har sai ɗaya ta raɓe kafin ɗaya ta wuce. Inda ruwa ya datse hanya, jirgin fito ne ke ɗaukar motoci, kuma tsawon mota na daga cikin abin da ake lissafa kuɗin fito da shi, shi ya sa gajerar mota ta fi arha. A kan hanyar E39, tsakanin Lavik da Oppedal, aka fara amfani da Ampere a 2015, jirgin fiton motoci na farko mai aiki da batir zalla. Inda dutse ya tare gaba kuwa an huda shi: ramin Lærdal, da aka buɗe a 2000, tsawonsa kilomita 24.5 ne. Hanyar Trollstigen mai kwanoni 11 akan rufe ta lokacin hunturu.

Batun wurin kwana shi ne inda baƙi suka fi yin kuskure. Wata dokar ƙasar ta 1957 ta ba kowa damar kafa tanti a dajin da ba a nomawa har kwana biyu, muddin ya nisanci gidan mutane da mita 150, sai dai ba ta ba mota izinin sauka daga titi ta shiga daji ba. Ya dace mai motar kwana ya nemi sansanin matafiya, inda akwai lantarki da wurin zubar da ruwan datti, domin mazauna ƙananan ƙauyukan ne ke ɗaukar nauyin sakacin baƙi.

Bergen, birni na biyu mafi girma a Nowe, shi ne ƙofar yankin, kuma jiragen ruwa daga Hirtshals ta ƙasar Denmak suna kawo motoci tasharsa. Sarki Olav Kyrre ne ya kafa shi wajen 1070. A ƙarni na 14 fataken Jamus na ƙungiyar Hansa suka buɗe ofishi a unguwar Bryggen, suna sayen busasshen kifi daga arewa suna kawo hatsi. Gidajen katakon da ke wurin yanzu yawancinsu an sake gina su ne bayan gobarar 1702, UNESCO kuma ta sanya unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Birnin ya yi suna da ruwan sama, wanda ke sauka fiye da kwana 200 a shekara.

Tsakiyar Bergen ba ta dace da doguwar mota ba, ga lunguna ga ƙarancin wurin ajiya, kuma tun 1986 ake karɓar kuɗin shiga gari. Yawancin matafiya sukan bar motar a bayan gari su shiga bas ko ƙaramin jirgin ƙasan birni na Bybanen, sannan su hau Fløibanen, jirgin hawan dutse mai aiki tun 1918, zuwa tasharsa da ke kan dutsen Fløyen, mita 320 sama da teku.