Waiwaye: Daga ina lambar sirrin haraji ta Amurka ta samo asali?

Duk shekara da watan Janairu ya doshi ƙarshe, zancen yakan dawo sabo a bakin mazauna Amurka, har da 'yan uwanmu Hausawa da ke unguwar Bronx a New York, masu tuƙin tasi da masu aikin kula da tsofaffi a gidaje. Mutum ya je wurin mai cike masa takardar haraji, an tura ta intanet, sai kwamfuta ta dawo da ita, wai an riga an shigar da wata da lambarsa ta Social Security, wadda ake gane mai biyan haraji da ita. Wani kuma wasiƙa ce za ta iske shi, mai lamba 5071C, ana neman ya tabbatar shi ne kafin a sake masa kuɗinsa. Daga nan sai gardama ta tashi. Masu cewa kowa ya je ya karɓi lambar sirrin nan mai ƙwaya 6 da hukumar haraji ta IRS ke bayarwa, wadda ake kira IP PIN, suna da hujja. Masu cewa an ɗora wa talaka sabuwar wahala, ga loda katin shaida, ga ɗaukar hoton fuska, su ma ba su yi ƙarya ba. Abin da ke damuna shi ne duk ɓangarorin biyu suna magana kamar jiya aka wayi gari da matsalar, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Wanda bai zauna can ba zai iya tambaya: me ɓarawo zai ci a takardar harajin wani? Tun 1943 ake cire wa ma'aikaci haraji daga albashinsa kafin ya shiga hannunsa. Idan shekara ta zagayo sai ya cike takarda a yi lissafi, kuma yawancin mutane sukan tarar an cire fiye da kima, sai a mayar musu da rara. Ga kuma tallafin da ake haɗawa ga masu ƙaramin albashi da masu 'ya'ya. Rarar nan takan kai dala dubu uku a tsaka-tsaki, kuma a gidaje da yawa ita ce kuɗi mafi kauri da ke shigowa a dunƙule duk shekara. Wanda ya yi sojan gona ya riga mai haƙƙi shigar da takarda, shi zai kwashe.

Farkon labarin sananne ne. A 1936 aka fara raba lambar Social Security mai ƙwaya 9, don lissafin kuɗin fansho kawai. Daga 1946 zuwa 1972 har rubutawa ake yi a jikin katin cewa ba na shaida ba ne. Amma a 1962 ta zama lambar mai biyan haraji, daga nan bankuna da asibitoci da makarantu suka bi sahu. Dokar 1986 ta ce duk wanda zai sa yaro ɗan shekara 5 zuwa sama a takardarsa sai ya rubuta lambar yaron, kuma a shekarar da ta biyo baya yara kusan miliyan 7 suka ɓace daga takardun haraji. A 1986 ɗin ne kuma aka gwada tura takarda ta kwamfuta a birane uku, inda aka karɓi kusan guda 25,000. Lamba ɗaya ta zama ita ce sunan mutum, ita ce kuma makullinsa. Suna kuwa kowa ake gaya wa.

Inda nake so a tsaya a duba da kyau shi ne shekarar 1998, domin ba kasafai ake ambatonta ba idan ana wannan muhawara.

A watan Yulin shekarar aka sa hannu a wata babbar dokar yi wa harkar haraji garambawul. Niyyarta mai kyau ce: a sauƙaƙa wa mai biyan haraji, a rage takardu, a daina sa mutane jiran makonni. Ta kafa buri cewa zuwa 2007 kashi 80 cikin 100 na takardun haraji su riƙa zuwa ta kwamfuta. Ta buɗe hanyar sa hannu ba da biro ba, abin da ya kai ga mutum ya zaɓi lambobi biyar da kansa su tsaya a madadin sa hannunsa. Sannan akwai wani ɗan sashe da ba wanda ya ɗaga wa gira a lokacin. Don a kwaɗaita wa masu ɗaukar ma'aikata su ma su koma kwamfuta, an ba su ƙarin wata guda. Takardar W-2, wadda ke nuna albashin da aka biya ma'aikaci da harajin da aka cire masa, a da ana miƙa wa gwamnati kwafinta ne zuwa ƙarshen Fabrairu. Sai aka ce wanda zai tura ta kwamfuta yana da har 31 ga Maris.

A ɗora wannan a kan kalandar wancan lokaci. Ana buɗe karɓar takardun haraji a ƙarshen Janairu. Wanda ya tura ta intanet yakan ga kuɗinsa cikin kwana 21. Ke nan tsakiyar Fabrairu kuɗi sun fita. Shaidar da za ta nuna ko albashin da ya rubuta gaskiya ne kuwa, tana iya kaiwa ƙarshen Maris ba ta taso ba, kuma idan ta taso sai ta fara biyawa ta hukumar fansho kafin ta iso wurin masu haraji. Gwama takardun biyu da juna sai wajen tsakiyar shekara. Ga kuma wata tsohuwar ƙa'ida da ta ce idan aka riƙe wa mutum rararsa fiye da kwana 45 bayan wa'adin 15 ga Afrilu, sai an biya shi da kuɗin ruwa. Komai na tura tsarin ya biya da wuri, babu abin da ke tura shaida ta zo da wuri.

Giɓin nan ya girmi 1998, gaskiya ne. Amma a zamanin takarda da ambulan ba shi da haɗari sosai. Ɓarawo sai ya zauna ya cike da hannu, ya sa hannun bogi, ya jira makonni shida, sannan ya nemo adireshin da cek zai sauka da bankin da zai yarda ya canza masa. Kowane mataki tarko ne. Da aka kawar da waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya saboda sauƙin mutanen kirki, an kawar da su ne har ga ɓarawo. Kuɗi suka koma shiga asusu kai tsaye, daga baya ma suka koma sauka a katin kuɗi irin wanda ake saye a kanti. Abin da ya rage tsakanin mutum da rarar wani shi ne suna, ranar haihuwa, da lamba mai ƙwaya 9 da ke kwance a fayil ɗin kowane asibiti. Albashi kuwa sai ya ƙirƙiro abin da ya ga dama, tunda babu takardar da za ta ƙaryata shi sai bayan watanni. Duk binciken da za a yi a lokacin ihu ne bayan hari.

An ɗauki kusan shekara goma kafin 'yan damfara su gane faɗin ƙofar, amma da suka gane ba su yi wasa ba. A birnin Tampa na jihar Florida 'yan sanda sun ba da labarin masu sayar da ƙwaya da suka bar bakin titi suka koma ɗaki da kwamfuta. An yi amfani da lambobin mamata, da na fursunoni, da na jarirai waɗanda ba za su san an taɓa su ba sai sun girma. Wani rahoton masu binciken baitulmali na 2012 ya gano takardu 2,137 da aka shigar da adireshi ɗaya a garin Lansing na jihar Michigan, aka biya rarar da ta haura dala miliyan 3. A shekarar 2013 kaɗai, ƙiyasin da aka fitar ya nuna an tare damfarar kusan dala biliyan 24, amma biliyan 5.8 sun sulale.

A cikin wannan guguwa aka haifi lambar sirrin. A 2011 aka fara ba da ita, ga waɗanda aka riga aka cuta kawai. Hikimarta ita ce ta gyara abin da ya lalace tun 1962: ta raba suna da makulli. Ƙwaya 6 ce, mai ita da hukuma kaɗai suka san ta, kuma tana mutuwa duk ƙarshen shekara a ba da sabuwa. Takardar da ta zo ta intanet da lambar Social Security ta mutum ba tare da ita ba, nan take ake mayar da ita. A 2014 aka bar mazauna Florida da Jojiya da birnin Washington su nema da kansu. Dokar 2019 ta ce a faɗaɗa, kuma daga Janairun 2021 kowa na iya nema, har da masu lambar ITIN, wato baƙin da ke biyan haraji ba su da Social Security.

To amma wa za a miƙa wa makullin? Nan tantancewa ta shigo. Da farko tambayoyi ake yi wa mutum, irin su tsohon adireshinsa ko bashin motar da ya taɓa ci. Sai ta bayyana cewa ɓarayi sun sayi amsoshin a kasuwar bayanan sata, wani lokaci ma sun fi mai abin tunawa. A 2015 suka bi ta wannan hanya suka buɗe bayanan mutane sama da 700,000, kuma a Maris na 2016 sai da aka rufe shafin karɓar lambar sirrin na wani lokaci. Wannan ne ya kai ga neman katin shaida da hoton fuska. Da jama'a suka yi ƙorafi a farkon 2022, aka ƙara zaɓin yin magana da ma'aikaci ta bidiyo. Wanda intanet ta gagara, in kuɗin shigarsa bai wuce wani ma'auni ba, yana iya cike fom 15227 a kira shi ta waya, ko ya nemi lokaci ya je ofis da takardunsa.

Shi kuwa giɓin kalanda, sai a Disamban 2015 aka taɓa shi. Sabuwar doka ta dawo da wa'adin W-2 zuwa 31 ga Janairu, daga 2017, ta kuma ce rarar da ke ɗauke da tallafin masu ƙaramin albashi ko na yara ba za ta fita kafin 15 ga Fabrairu ba. Shekara 17 ke nan bayan an ƙara wancan wata guda. Damfarar ta ragu ƙwarai bayan haka, sai dai jiran ya faɗa ne a kan gidajen da suka fi kowa buƙatar kuɗin, kuma wannan yana ci mini rai. Lambobin da aka riga aka sace kuwa ba sa tsufa, domin da wuya a canza wa mutum tasa. Wanda aka yi wa sojan gona, ya cike fom 14039 na rantsuwa, rahoton ofishin kare masu biyan haraji na 2024 ya nuna yakan jira kusan wata 22 kafin a warware masa. Daga kakar haraji ta 2025 an ɗan sassauta wani ɓangare: uwar da wani ya riga ta sa ɗanta a takardarsa tana iya tura tata ta intanet a karɓa, ba sai ta koma ga ambulan da gidan waya ba, muddin ta rubuta lambar sirrinta ta wannan shekara.